Gwaggo An-Ɗage Da Lauyoyin Kyauta

"Ka taɓa famfon nan ka gani! Wallahi ka taɓa shi sai an kwashe ka a kwance!"

"Famfon na ubanki ne ke kaɗai? Ni a bola aka tsinto ni?"

"Oho. Ni dai na buɗe ido na gan ka a gidan, ba wanda ya nuna min takarda."

Bangon bulo ɗaya ne, ko tarin da namijin da ke faɗan ya yi kafin ya rama sai da ya ratso cikin ɗakin. Ɗalibai biyu ne zaune a kan doguwar kujera mai yagaggen hannu, ga ƙaton fayil a tsakaninsu kamar jaririn da kowa ke gudun ɗauka. Namijin cikinsu, wanda 'yan ajinsu ke kira Kwat saboda ko rana na narka kwalta ba ya rabuwa da baƙar kwat, ya zaro waya ya fara naɗar faɗan.

"Hujja ce," ya raɗa.

"Hujjar me?" in ji macen.

"Daga baya ma gano."

Ita Lauya ake ce mata. Ba ta zama ba tukuna, saura wata biyu ta gama makaranta, amma tun ranar da sunanta ya fito cikin waɗanda aka ɗauka karatun shari'a 'yan gidansu suka jingine ainihin sunanta. Ko gishiri za a aike ta saye, "Lauya, zo" ne. Da farko tana nuna ba ta so. Yanzu in wani ya manta ya kira ta da sunanta, sai ta ji kamar an rage mata tsawo.

Dokar makarantarsu ce ta kawo su gidan. Ba ɗalibin shari'ar da za a miƙa wa takardar kammalawa sai ya yi awa sittin yana yi wa marasa ƙarfi aikin lauya kyauta, ya kuma dawo da fom ɗauke da sa hannun wanda ya yi wa aikin. A ƙasan fom ɗin akwai gurbi biyu. Ɗaya an rubuta "ana ci gaba", ɗayan "an kammala". Na farkon ya isa a bar mutum ya fita. Na biyun kuwa wasiƙar yabo yake jawowa daga shugaban sashe, irin wasiƙar da ke buɗe ƙofar manyan ofisoshin lauyoyi, inda sanyin na'ura ke sa mutum atishawa. A gaban malamai duk ajin adalci suke nema wa talaka, har da dafa ƙirji. Da malami ya juya baya, tambaya ɗaya ce ke yawo: "Kai awa nawa ka haɗa?"

Ranar rabon aiki, da malamin ya miƙo wa Lauya da Kwat nasu fayil ɗin, sai da ajin ya ɗauki dariya. Shekara goma sha ɗaya yana zagaye hannu zuwa hannu. Zarensa na asali ya tsinke, wani ya ɗaure shi da igiyar takalmi. Cikin waɗanda suka fara riƙe shi har akwai masu tumbi yanzu, da direba, da furfura a gemu.

"Wannan ba a kammala shi," in ji malamin. "Ku je ku gaisa, ku haɗa awanninku, ta sa muku hannu. Ba ta da rowar hannu."

Faɗan bayan bango ya yanke cak, kamar an kashe rediyo. Labule ya ɗaga, mai ɗakin ta shigo tana goge hannu. 'Yar gajeruwa ce, busasshiya, tafin hannunta ya fi ƙarfin jikinta. Ba ta haki. Matar da ta gama zage-zage na minti goma, amma numfashinta lafiya lau. Lauya ta lura da wannan, ta kuma manta da shi nan take.

"Maraba da lauyoyina. Ku ne na bana? Kai, bana an zaɓo masu kyau. Na bara ɗaya kansa kamar kwakwa."

"Ina wuni, Gwaggo," suka haɗa baki.

Kwat ya gyara murya, ya buɗe sabon littafi, ya danna biro sau uku. "Gwaggo, muna so ki faɗa mana komai tun daga farko."

"Haka na bara suka ce. Haka na bara waccan. To rubuta, ɗan nan."

Ta zauna a bakin gado ta soma, tiryan-tiryan, tana tsayawa daidai inda biro ke buƙatar hutu. Mahaifinsu ya rasu ya bar musu gida, ita da ƙaninta, tsohon direban babbar mota. Suka ja bango a tsakiya, kowa ya kama ɓangarensa. Sai wani siririn lungu ya rage, inda ƙofar shiga take da famfo. Ita ta ce lungun nata ne. Shi ya ce nasa ne.

"A'a, goge. Kada ka rubuta 'ƙofa' kawai. Rubuta 'ƙofar shiga ɗaya tilo'. In ka bar ta haka wani mai baki zai miƙe ya ce akwai taga. Kuma 'wanda ake ƙara' za ka ce, ba 'wanda ake zargi' ba. Ƙanina ba ɓarawo ba ne, ɗan iska ne kawai."

Kwat ya goge.

Ba a makaranta Gwaggo ta koyi wannan ba. Shekara ashirin da shida ta yi tana sharar kotu. Ta shiga aikin da ƙuruciyarta, ta fito da ciwon baya da wani irin ilimi da ba a ba da takardarsa. Aure biyu ta yi a tsakani: mijin farko ya mutu, na biyun ta ce da za a yi adalci da shi aka fara ɗauka. Ba ta haihu ba. Wanda ta yi rainonsa a duniya shi ne ƙanin nan nata, domin yana da shekara shida uwarsu ta rasu, ita ta yi masa wanka, ita ta cire masa ƙaya, ita ta zane shi ranar da ya fara shan taba.

A kotu kuwa ba wanda ke ganin mai shara. Lauyoyi na raɗa a gabanta kamar a gaban kwandon shara. Ta ji yadda ake koya wa shaida kuka. Ta ga fayil ɗin da ya ɓace da safe ya bayyana da yamma bayan an gaisa da wanda ya dace. Ta kuma gane abin da ɗaliban shari'a ke shekara biyar ba su gane ba, wato ba hukunci ne ya fi yawa a kotu ba, ɗagewa ce. Duk safiyar da masinja bai leƙo ya ce mata ta goge kujerar alƙali ba, ta san ba zama. Mutane su taso tun daga nesa, su tarar da ita da tsintsiya a baranda, su ce, "Baiwar Allah, yau za a zauna kuwa?" Ta ce, "An ɗage." Su harare ta, su jira awa uku, rajistara ya fito ya maimaita musu kalmarta. Daga nan sunan ya bi ta har gida, Gwaggo An-Ɗage.

Da aka gama rubutu Kwat ya ce za a yi hoto, don rahoto.

"Tsaya in sako mayafin hoto," in ji Gwaggo.

Ta cire mai kyaun da ke kanta, ta zaro wani koɗaɗɗe mai huji daga ƙarƙashin matashi. Ta ja su jikin taga, ta ce a nan haske ya fi. Ta sunkuyar da kai, ta tallafe kumatu, fuskarta ta zube kamar wadda aka yi wa rasuwa da safe. Kwat ya dafa kafaɗarta yana kallon nesa. Da yamma hoton ya hau shafinsa, ƙarƙashinsa an rubuta: "Muryar marasa murya." Lauya ta yi tsaki da ta gani, sannan ta ce ya turo mata wanda ta fi fitowa da kyau.

Haka aka yi mako biyar. Duk Laraba su je, su tarar ana faɗa, faɗan ya ƙare, a sha shayi, su rubuta wa Direba wasiƙar gargaɗi mai tambarin ofishin taimakon shari'a na makaranta, Gwaggo ta gyara musu kurakurai, su zagaya su miƙa masa. Shi kuma dogon tsoho mai farin ido ya karɓa, ya shafa tambarin da babban yatsa, ya ce, "Ku gaya mata a kotu za mu haɗu." Ba wanda ya taɓa zuwa kotun.

Da an bar Lauya, da haka za ta ƙare kamar na gabanta. Abin da ya tsikare ta ba tausayi ba ne, ko da yake daga baya haka ta riƙa faɗa. Wata 'yar ajinsu ce, wadda tun shekarar farko suke kallon juna ta wutsiyar ido, ta shigo aji tana kaɗa fom mai alamar "an kammala". Rikicin akuya da lambun maƙwabci ta sasanta cikin kwana biyu. Akuya! Lauya ta taya ta murna har da runguma, ta fita ta wuce ɗakin karatu kai tsaye, ta kwance igiyar takalmin.

A nan ta ga yadda aka yi shekara goma sha ɗaya. Al'adar ofishin ita ce duk waɗanda za su fita su rubuta taƙaitaccen bayani shafi ɗaya su ɗora a sama, don sauƙaƙa wa na baya. Na baya su karanta shafin nan kaɗai, su leƙa takardar ƙarshe don su ga kwanan wata, su je su ce a faɗa musu tun daga farko, sannan su taƙaita taƙaitawar su ɗora. Bayanin wata shekara ya ce famfo biyu ne. Na wata shekarar ya mayar da Direba mijin Gwaggo. Wani ma ya kashe mahaifin nasu sau biyu. Tsakiyar fayil ɗin kuwa takardun sun manne da juna, ba yatsan da ya ratsa su tun da aka sa su.

Rana ta uku, wajen la'asar, ta ɓamɓare wasu shafuka biyu, sai ga ta. Takardar sulhu, mai shekara tara. Lungu da ƙofa da famfo na su biyun ne, kowa na da haƙƙin shiga da fita, shi da duk wanda ya gaje shi ko ya saya daga hannunsa. Ga sa hannun Gwaggo, ga na Direba, ga shaidu biyu, ga tambari.

Lauya ta karanta sau uku. Ba fuskar tsofaffin nan take gani ba. Wasiƙar yabo take gani, da fuskar mai akuya.

A bangon fayil ɗin akwai lambar ɗan Direba, wanda kowa ke kira Manaja ko da yake ba wanda ya san abin da yake manajanci. Shi ne ke damun ofishin da waya duk wata yana tambayar yaushe za a gama. Ta kira shi.

"Ranka ya daɗe, ka zo gidan ranar Laraba da ƙarfe sha ɗaya. Akwai albishir."

Kwat kuwa ta ce masa an mayar da zuwan ƙarfe biyu. Gurbin "an kammala" zai ɗauki suna biyu, amma labarin wanda ya gano takardar suna ɗaya yake ɗauka. Ranar Juma'a ce ranar ƙarshe ta miƙa fom.

Ta isa tun goma saura, awa guda kafin lokacin da suka saba. Ƙofar a buɗe take. Gidan shiru. A lungun ta tsaya gaban famfon da aka yi shekara goma sha ɗaya ana tsine wa juna a kansa, ta murɗa shi haka kawai. Ya yi wani dogon huci, ya tofo ƙura da gawar kyankyaso. Ƙasansa a bushe ƙayau, har gizo-gizo ya yi gida.

Sai ta ji murya ƙasa-ƙasa daga ɗakin Gwaggo.

"Buɗe mana. Kai, Auta, buɗe idon, ba yanka ka zan yi ba."

"Yaya, da zafi."

"Da kana tuƙi cikin ƙura ba tabarau ban gaya maka ba? Ɗaya ya rage."

Lauya ta ɗaga labulen ba sallama. Direba na zaune a ƙasa ya jingina kansa da gwiwar yayarsa, ita kuma ta ɗage masa fatar ido tana ɗiga magani. Kofin shayi biyu a gefe. Wanda ake ƙara ya zabura zai tashi, mai ƙara ta danne masa kai.

"Zauna, maganin zai zube." Ta dubi Lauya, ta dubi fayil ɗin da aka sake wa ɗauri, ta dubi farar takardar da ke leƙowa daga sama. "Kin samo ta."

"Kin san da ita?"

"Da aljani ne ya sa min hannun?"

Lauya ta zauna ba a ce ta zauna ba. Jawabin da ta shirya a mota, mai farawa da "Gwaggo, yau wahalarki ta ƙare", ya bi iska.

Gwaggo ta rufe kwalbar maganin ta ba ta labarin, wannan karon ba tsayawa don biro. Faɗan farko na gaskiya ne. Direba ya jibge tsofaffin tayoyi a lungun, ta yi tuntuɓe ta karye a hannu, ya ce ita ce ba ta kallon gabanta. Shekara biyu ba sa ga maciji. Sai aka turo wani siririn ɗalibi mai in'ina, ya yi ta zarya har ya gajiyar da su suka sa hannu. Ranar da suka sa hannun ita ce ranar da ake rabon rigunan bikin kammalawa, ya cusa takardar a fayil ya ruga, bai ko rubuta a bayanin sama ba.

"Bayan wata ɗaya sai ga Manaja da wani mai igiyar awo. Wai zai sayi ɓangaren ubansa ya zuba shaguna, shi kuma a kai shi ɗakin bayan gidan Manaja, jikin janareta. Mutumin ya ce, 'Ƙofar nan ba rigima a kanta ko?' Ina jin su ta bango. Wannan," ta dungure kan Direba, "ya yi shiru kamar an ɗinke masa baki. Sai na ɗaga murya na ce akwai rigima, tana ma hannun lauyoyi. Mutumin ya naɗe igiyarsa. Wa zai sayi gidan da ba a san ta inda za a shige shi ba? Bakwai suka zo bayansa. Kowanne na nuna masa wasiƙarku mai tambari."

"Baba, ai gidanka ne," in ji Lauya. "Ka ce ba ka sayarwa mana."

Direba ya yi murmushi, magani na gangaro masa a kumatu. "'Yar nan, ba ki haihu ba. In ya zauna ya fara 'Baba, don lafiyarka ne', ya haɗa da Turanci, sai in ji na ce to. Na yi ta cewa to tun yana ɗan shekara biyar. Amma a gidan nan na san taku goma sha huɗu ne daga gadona zuwa banɗaki. Tara zuwa ƙofar Yaya. A can sai an riƙe min hannu, kuma mai riƙewar sai ta ga dama."

Lauya ta ji abin ya taɓa ta, sai haushin hakan ya kama ta, ta koma lauya.

"Amma wannan yaudara ce, Gwaggo. Kuna ɓata lokacin ofishinmu. Akwai masu buƙata ta gaske suna jira."

"Lokacin wa na ɓata?" Gwaggo ta gyara zama. "Ɗalibi ashirin da biyu suka fita makaranta da hannun nan nawa. Wa ya taɓa zuwa nan ya koma ba awanninsa? Ga shayi, ga inuwa, ga hoto. Ku kuna neman talakan da zai sa hannu ba gardama, ni ina neman takarda mai tambari duk bayan wata uku. Wa ya cuci wani? Masu buƙata ta gaske kuwa na gan su a barandar kotu shekara ashirin da shida, ban taɓa ganin ɗalibi ya yi rige-rigen ɗaukar fayil ɗinsu ba, don nasu ba ya ƙarewa a awa sittin." Ta ƙura mata ido. "Ke tsakaninki da Allah, don ni kika karanta shi?"

Lauya ta buɗe baki. Akuya ta gifta mata a rai. Ta rufe.

"To kin gani. Kuma ki tuna ni ce mai ƙara, ni kike wa aiki. Lauya ba ya fitar da abin da mai shi bai ce a fitar ba. Ina goge tagar kotu ta biyu na ji alƙali ya wanke wani tas a kan haka, har hular gashinsa ta karkace."

"Gwaggo," muryar Lauya ta yi ƙasa, "na kira Manaja. Na ce ya zo sha ɗaya, akwai albishir."

Direba ya lalubo gefen zanen yayarsa ya riƙe, kamar yadda wataƙila ya riƙe shi shekara sittin da suka wuce. Gwaggo ba ta yi zagi ba, kuma wannan ya fi zagin ciwo. Agogon bango kawai ta kalla.

Ba a yi minti biyar ba aka ji hon a waje.

"Tashi," in ji Gwaggo. Ta cusa kwalbar maganin a ƙugu, ta tura kofi ɗaya ƙarƙashin gado da ƙafa. Direba ya fita yana motsa leɓe, yana ƙirga takunsa. Kafin a rufe ƙofar mota har an fara.

"Na ce kada inuwarka ta sake faɗowa a kan famfon nan!"

"Inuwar ma taki ce? Ki kai ta kotu!"

Yanzu da Lauya ta sani, sai ta ji abin da kunnenta ya tsallake mako biyar. Ba sa katse juna. Kowa na jiran ɗan'uwansa ya dire, kamar masu jan ruwa da guga ɗaya.

Manaja ya shigo lungun da waya biyu a hannu ɗaya da makullin mota a ɗayan, ƙamshin turarensa ya riga shi. Bai gaida ubansa ba sai da ya gama da allon wayar.

"Baba, ya isa haka. Gwaggo, don girman Allah. Barista, ina albishir ɗin? Ina da mai saye a ƙasa, yau in na ce masa an gama gobe zai turo masu awo."

Barista. Ba wanda ya taɓa kiranta haka, kuma ya yi mata daɗi har cikin ƙashi. Fayil ɗin na rungume a ƙirjinta, takardar na sama, yatsa biyu kawai za ta sa. Ta hango wasiƙar yabo. Ta kuma hango fom ɗinta da na Kwat da ke cikin jakarta ba sa hannu, ga Juma'a saura kwana biyu, ga mai hannun tsaye tana kallon famfo kamar ba ruwanta. Direba ya juyo da fararen idanunsa wajen da yake zaton tana tsaye, ya ɗan kuskure, yana kallon bango.

"An ɗage," in ji Lauya.

"An me?"

"An ɗage. Mun gano wasu abubuwa a fayil ɗin da ke buƙatar nazari."

"Shi ne albishir ɗin? Zuwa yaushe?"

"Za a sanar da ku a rubuce."

Manaja ya yi dariyar da ba daɗi a cikinta. Ya ce dama abin kyauta haka yake. Ya ce shekara goma sha ɗaya ana turo yara masu wasa da biro, da za su iya da ba a ba da su kyauta ba. Ya ce ya baro taro saboda wannan shirmen. Lauya ta tsaya ta shanye, domin rabin maganar tasa gaskiya ce. Ya ce wa ubansa zai leƙo wani satin, ya fita wayarsa na ƙara.

Da ƙarar motar ta ɓace, Direba ya zauna a kan bokitin da ke kife gefen famfo, ya rufe fuska da tafin hannu. Gwaggo ta ce masa, "Kada ka murza idon," ta ja Lauya ɗaki.

"Kawo fom ɗin. Kawo na mai kwat ɗin ma, kada ya zo yana min danna biro."

Ta sa hannu a hankali, harafi bayan harafi, harshe a gefen baki. Ba ta tambayi wane gurbi ba. Ita da kanta ta yi alama a "ana ci gaba", ta hura tawadar, ta miƙa.

Lauya ta karɓa tana so ta ji ta yi abin kirki. Ta lalubi jin a ranta, ta same shi, amma a cakuɗe. Da a ce fom ɗin nan na da sa hannu tun jiya, me za ta ce wa Manaja? Ta juya tambayar sau biyu, ta ga ba ta son amsar, ta ajiye ta inda ake ajiye irinsu.

"Me ya sa ba ki yaga takardar ba tun tuni?" ta tambaya. "Ko ki ce a ba ki ki ɓoye?"

"Yaga? Ranar da ɗayanmu ya riga ɗaya, wanda ya rage da me zai tare ƙofar? In ni ce na rage, Manaja zai toshe ni da bulo. In shi ne, dangin mijina na biyu za su tuna da ni." Ta zare takardar daga sama, ta buɗa fayil ɗin daidai tsakiya, inda shafuka suka fi mannewa, ta zura ta, ta danne da tafin hannunta mai faɗi. "A ɗakin nan ɓera zai ci, ko Manaja ya gani. Na yi shekara ashirin da shida a kotu, ban ga ma'ajiyar da ta kai tsakiyar fayil tsaro ba. Farko da ƙarshe kawai kuke karantawa."

Ta ɗaure igiyar takalmin da kanta, ƙulli biyu.

"Bayanin sama fa? Me zan rubuta wa na baɗi?"

"Abin da kika tarar. In kina so ki ƙara famfo ɗaya."

Ta rako ta har lungu. Direba ya ɗago ya ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yar nan," ya kuma faɗa wa bango. Lauya ta amsa, ta taka ƙofar shiga ɗaya tilo, fayil ɗin ya fi ɗazu nauyi. Har ta sa ƙafa a titi Gwaggo ta kira ta, hannu ɗaya a kan ƙyauren.

"Lauya! In kin koma ki gaida malaminku. Ki ce na gode, amma baɗi ya turo min irin na da. Masu karatun nan ba sa min amfani."